Mu sauya lasisin laburarenmu daga LGPL 2.1 zuwa LGPL 3?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni da abokaina uku muka rubuta wani ƙaramin laburare na kod (wato kod ɗin da wasu manhajoji za su iya ɗauka su yi aiki da shi) da ke juya kwanan wata daga Miladiyya zuwa Hijira, muka sake shi da lasisin LGPL 2.1, wanda ke ba kowa damar amfani da kod ɗin da gyara shi bisa wasu sharuɗɗa. Yanzu wani ya ce lasisin ya tsufa, mu koma LGPL 3. Mene ne shawararka?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ku yi gaggawa. Lasisi ba ya lalacewa don ya daɗe. LGPL 2.1 ta fito a 1999, kuma har yau a ƙarƙashinta glibc take, laburaren da galibin kwamfutocin Linux suka dogara da shi.

Fara buɗe fayilolinku ka karanta 'yan layukan da ke saman kowanne. In an rubuta siga ta 2.1 ko wata da ta biyo baya, to kuna da damar komawa ta 3 ba tare da neman izinin kowa ba. In kuwa 2.1 kaɗai aka ce, sai duk wanda ya taɓa zuba kod mai ɗan kauri ya amince, ko da shekaru biyar ke nan rabonku da shi. Irin wannan neman amincewa ne ya sa masu VLC, manhajar kunna bidiyo, suka sha fama wajen bin mutane ɗaya bayan ɗaya lokacin da suka mayar da laburarensu na libVLC daga lasisin GPL, ɗan'uwan LGPL mai tsauraran sharuɗɗa, zuwa LGPL.

Abin da ya fi damuna shi ne masu amfani da aikinku. LGPL 3, wadda ta fito a 2007, ba ta haɗuwa da manhajar da ke ƙarƙashin GPL 2 kaɗai. Ranar da kuka sauya, mai irin wannan manhajar ba shi da halin rarraba ta haɗe da sabon laburarenku. Laburaren lissafi na GMP ya faɗa wannan tarkon, har sai da siga ta 6 ta zo da lasisi biyu, LGPL 3 da GPL 2, mutum ya zaɓi wanda ya dace da shi.

Siga ta 3 tana da amfaninta: ta fayyace batun haƙƙin ƙirƙira, ta kuma hana kamfani ya kulle na'urar da ya sayar wa jama'a yadda mai ita ba zai iya saka gyararren laburaren ba. Amma mai juya kwanan wata, burinku ya shiga kowace manhajar kalanda da ta lokutan sallah. Ni dai zan bar shi a 2.1. Tun ku huɗu kuna jin juna a waya, kowa ya rubuta amincewarsa a ƙara jimlar nan ta sigar da ta biyo baya, ku adana rubutun a cikin ma'ajiyar kod ɗin.