Ɗalibaina suna kallon bidiyon darasi su ce sun gane, amma su faɗi jarrabawa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar lissafi ce a ƙaramar sakandare, shekarata 14 ina koyarwa. Zangon da ya wuce hukumar makarantarmu ta raba wa ɗalibai kwamfutar hannu, aka ce mu rage bayani a allo, mu riƙa tura musu bidiyon darasi, wai yaran yanzu da na'ura aka haife su, su ke koya wa kansu. Na bi umarni. Duk wanda na tambaya sai ya ce ya gane, amma da aka yi jarrabawa sakamakon ya fi na bara muni. Yanzu kallon wadda zamani ya bari a baya ake yi mini. Ni ce ban iya ba?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Ki kwantar da hankalinki, laifin ba naki ba ne. Na wanda ya faɗa muku cewa yaran yanzu su ke koya wa kansu ne, kuma wallahi na gaji da jin wannan magana a tarukan bita.

Tun 2001 wani Ba'amurke mai suna Marc Prensky ya yaɗa ra'ayin nan cewa yaran da suka taso cikin na'ura 'yan asalin duniyar dijital ne, manya kuwa baƙi. Maganar ta yi wa kunne daɗi, masu sayar da na'ura suka rungume ta. Amma yaron da ya ƙware wajen jan allo da babban yatsa, jan allon ya ƙware a kai. Wannan ba ya nuna masa inda ya kuskure a lissafi.

An gwada abin, kuma an kashe kuɗi ba kaɗan ba. Ƙasar Peru ta raba wa yara dubban ɗaruruwan kwamfutoci a shirin nan na kowane yaro da kwamfutarsa. A 2012 aka fitar da binciken makarantun karkara 319: bayan wata 15 yaran sun iya sarrafa kwamfuta sosai, amma makinsu na lissafi da na harshe bai motsa ba. A 2013 hukumar makarantun birnin Los Angeles na Amurka ta ƙaddamar da shirin raba iPad na sama da dala biliyan 1. Cikin kwanaki ɗalibai suka ɓalle makullin da aka sa wa na'urorin suka shiga inda suke so, daga baya aka yi watsi da shirin. Rahoton OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki da ci gaba ta ƙasashe, na 2015 ya nuna ƙasashen da suka zuba kuɗi a kwamfutocin makaranta ba su ga wani ci gaba na a zo a gani ba a karatu da lissafi da kimiyya. Duk wannan a rubuce yake, amma har gobe dillali zai shigo ofishin shugaban makaranta da majigi da daɗin baki, a sa hannu a takarda, ba a tambayi malamin aji ko ɗaya ba. Sai an faɗi jarrabawa a tuna da shi.

Ga abin da ke faruwa da ɗalibanki. Yaro ya kwanta, ya kunna bidiyo, mai bayani yana warware lissafi tiryan-tiryan, hannunsa ba ya rawa, ba ya kuskure. Kowane mataki yana bin na gabansa, yaron yana gyaɗa kai. Ba ƙarya yake miki ba da ya ce ya gane, har ransa haka yake ji. Amma bin sawun wani daban, fitar da hanya da kanka daban. Gani ga wane ba ya koya wa mutum iyo. Ranar jarrabawa babu mai jan gaba, sai farar takarda da biro, sai ya tarar babu abin da ya zauna.

A 2006 wasu masana ilimin halayyar ɗan Adam biyu, Roediger da Karpicke, sun auna wannan. Wasu ɗalibai suka yi ta maimaita karanta wani rubutu, wasu kuma suka karanta a zama ɗaya aka yi ta sa su rubuto abin da suka tuna. Masu maimaitawar su suka fi amincewa da kansu. Bayan mako guda sai suka tuno kashi 40 cikin 100, waɗanda aka wahalar kuwa kashi 61. Wahalar tono abu daga ka ita ke dasa shi, bidiyo kuwa ita yake ɗauke wa yaro. Shi ya sa tambayar nan ta "kun gane?" ba ta da amfani. Ni na daina yin ta, don ban taɓa ganin ajin da ya amsa da a'a ba.

Ban ce ki tattara na'urorin ki kulle a kabad ba. A Delhi ta Indiya an gwada manhajar Mindspark, yara suka ci gaba sosai a lissafi cikin 'yan watanni. Ita ba kallo take ba su ba, tambayoyi take jefa wa kowane yaro daidai matakinsa, ta gano inda yake tuntuɓe. Nan ne na'ura ta fi ki, don ba za ki iya duba littafi 50 a minti ɗaya ba.

Saboda haka ki gutsuttsura bidiyon, kada ya wuce 'yan mintuna, kuma kada a kalla sai da littafi a buɗe. Kafin mai bayanin ya kai ga amsa a tsayar, kowa ya ƙarasa da hannunsa. Washegari ki fara darasi da tambayoyi uku daga na jiya da ɗaya daga na makon jiya, na'ura a kife kan tebur. Za su yi gunaguni, su ce bidiyo ya fi sauƙi. Gaskiyarsu, ya fi.

Ita kuma hukuma kada ki yi musu da ita da fatar baki. Idan azuzuwa biyu kike ɗauka, ki bar ɗaya kan tsarinsu, ɗayan ki bi wannan na tsawon mako huɗu, ki ba su gwaji iri ɗaya, sannan ki ajiye takardun biyu a gaban shugaban makaranta. Ki roƙe shi ya sa wani malamin ya yi makin, don kada a ce kin yi son kai.