Makirfon mawaƙi: wanne za a saya, yaya za a riƙe?

Tambaya daga wata mawaƙiya a Zengo: Ina waƙa a wuraren biki. Makirfon da nake aro yana yawan kuwwa, muryata kuma ba ta fita tar. In sayi na sitidiyo?

Malama, kada ki saya. Na sitidiyo, wato kondansa, yana buƙatar wuta bolt 48 daga mikisa (na'urar haɗa sauti), kuma yana kwasar komai: ganga, guɗa, hayaniyar yara. A filin biki dainamik ne naki. Irin su Shure SM58, da ke kasuwa tun 1966, ba sa neman wuta, suna jure zafi da faɗuwa. Sai dai jabun SM58 ya yi yawa. Na gaske nauyinsa kusan giram 300 ne, don haka ki auna shi a hannu, ki sa mai shago ya jona shi, ki rera baiti guda kafin ki biya. Ki haɗa da waya mai baki uku, XLR.

Amma muna zargin riƙo ne ya fi cutar ki. Mawaƙa da yawa suna dunƙule kan makirfo cikin tafin hannu. Ta bayan ragar da ke kan makirfon akwai ƙofofin da ke sa shi ya ƙi sautin da ke zuwa daga baya. Idan kika toshe su, sai ya shiga jin kowane ɓangare har da lasifika, kuwwa ta tashi, murya ta zama kamar daga cikin tulu. Ki riƙe shi a jikinsa, ƙasa da kan. Tsakaninsa da leɓe ki bar faɗin yatsa biyu. In za ki ɗaga murya a amshi, ki janye shi kamar taƙi guda. In kin sassauta, ki matso da shi, don kusanci yana ƙara wa murya kauri. Idan "b" da "t" suna bugawa, ki ɗan karkata shi gefen baki. Kada ki tsaya gaban lasifika, kada kuma ki nuna mata shi.

Wani mai ƙasida daga Birni ya tambaya: marar waya fa?

Malam, in ba yawo kake yi cikin taro ba, bar shi. Mai arha yana yankewa, batir kuma na mutuwa ana tsaka da baiti. Kuɗin ka sa su a mai waya nagari. Lokacin hunturu ka riƙa kwance ragar kana wankewa da ruwa da ɗan sabulu, ta bushe sarai kafin ka mayar, domin ƙura na dushe sauti.