Wuta ta ci, ruwa ya ci, ta ina zan fara?

Tambaya: Salam Dakta. Ni ɗan kasuwa ne a Monday Market nan Maiduguri, atamfa da shadda nake sayarwa. Gobarar Fabrairun 2023 ta cinye min shago, na ci bashi na sake tashi, sai ga ambaliyar dam ɗin Alau a Satumban 2024 ta shigo min shago da gida. Tun lokacin ba na barci, ba na son fita, in na yi hawaye a ce ba ni da tawakkali. Imanina ne ya yi rauni?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya mayar da mafi alheri. A'a, imaninka bai yi komai ba. Annabi Yakubu (AS) ya yi kukan rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, yana nan a Suratu Yusuf, kuma shi ne dai mai haƙuri kyakkyawa. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, shekarar baƙin ciki ake ce mata a tarihin Manzon Allah (SAW). To in annabawa sun ji zafin rashi, waye kai waye ni? Masu ce maka haka da niyyar alheri suke faɗa, amma wallahi maganar tana ƙara wa mai ciwo ciwo, don sai ya koma ɓoyewa.

Abin da ka lissafa kuwa, rashin barci, gudun mutane, in ya wuce sati 2 kullum ana abu ɗaya har da rashin cin abinci da jin ba ka da amfani, mu a asibiti ciwon damuwa muke kiransa, ciwo ne kamar hawan jini kuma yana da magani. Wasu ma da hadari ya haɗo sai gabansu ya hau faɗuwa, su tashi tsakar dare suna haska tocila ƙarƙashin ƙofa ko ruwa ya fara shigowa, jiki ne bai manta daren nan ba.

Ga inda mutane ke kuskure, suna zaune suna jiran ƙwarin gwiwa ya zo sannan su motsa, alhali shi a baya yake biyowa, sai ƙafa ta taka tukuna. Don haka kar ka sa wa ranka lissafin miliyoyin da suka tafi, wannan lissafin da ƙarfe 2 na dare ba ya biyan ko sisi. Gobe ka fita sallar asuba a jam'i, ka karya, ka je kasuwa ka zauna a bencin maƙwabcinka ko awa ɗaya ne, ko ba ka sayar da komai ba. Jibi ka sake. In wani ya yarda ya ba ka turmi 5 ka sayar ka kawo kuɗi, karɓa, ba faɗuwar girma ba ce, da yawa daga manyan da kake gani da tebur suka fara. Kuma kastomominka da sanin kaya, wuta ba ta ƙona su ba, ruwa bai tafi da su ba.

Masu bin ka bashi, kai ka riga su zuwa. Kashe waya shi ke ɓata lamari, amma in ka je da wani dattijon kasuwa aka zauna aka tsara biya kaɗan-kaɗan, za ka ji wani dutse ya sauka daga ƙirjinka. Uwargida ma a gaya mata gaskiyar halin da ake ciki, ta riga ta gani a fuskarka ai.

Sai dai don Allah ka guji maganin barci na kemis da su tramadol. Ka je asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke nan Maiduguri, zuwa can ba ya nufin hauka. In kuma zuciya ta fara raya maka gara mutuwa, kar ka kwana da wannan kai kaɗai, ka faɗa wa wani na kusa ya raka ka asibiti a ranar.