Ta ina zan fara kiwon kifin teku a tankin gilashi?

Malam, ka tambayi ta inda za ka fara. Fara da ruwa, kifi ya jira tukuna.

Nemi tanki mai cin lita 100 ko fiye, domin ƙaramin tanki da wuri ruwansa ke ɓaci. Kada ka zuba gishirin miya ko ruwan famfo mai kilorin. Gishirin tankin teku ake saye, a narka kimanin giram 35 a kowace lita ta tataccen ruwa, har ma'aunin gishiri ya nuna 1.025. Zafin ruwa ya tsaya digiri 24 zuwa 26 a ma'aunin Celsius.

Sai ka sa yashi da duwatsu masu ramuka, ka kunna famfon juya ruwa, ka jefa ɗan abincin kifi ya ruɓe. Cikin mako 4 zuwa 6 bakteriya za su yaɗu, su riƙa cinye amoniya da naitirait, wato gubar da ke samuwa daga ruɓewar abinci da kashin kifi. Sai gwaji ya nuna dukansu sifiri kake sa kifi, biyu kacal, irin ƙananan nan masu launin ruwan lemo da ake kira kilawun (clownfish). Gaggawa a nan ce ke kashe yawancin kifin sabon shiga, amoniya na ƙona musu mashaƙar iska.

In ruwa ya ragu, cika da ruwa marar gishiri, tunda gishiri ba ya bin tururi. Sauya kashi 10 cikin 100 na ruwan tankin da sabon ruwan gishiri duk mako, kuma tanadi famfon iska mai batir saboda ɗauke wuta.