Amsar Baffa kan 'yan hayar da suka kasa biya

Assalamu alaikum ɗana. Saƙonka ya iso. Ka ce a gidan hayar da ka saya a Ɗorayi masu ɗaki uku sun kasa biyan kuɗin shekara, dillali kuma yana matsa maka ka ba su notis ka zuba sababbi da ƙarin kuɗi. Kana tambaya ko me al'ada ta ce.

A yadda muka taso, wanda ya sayi gida da mutane a ciki ya saye shi ne da haƙƙinsu. Ranar ciniki, a gaban mai unguwa ake kiran 'yan haya a shaida musu gida ya sauya hannu, a ji inda kuɗin kowa ya tsaya. Ba a tashin mutum da damina, ba a tashinsa da azumi, ba a tashin mai takaba ko mai jego. Wanda ya aikata haka unguwa ba ta mantawa, kuma ranar da zai nema wa ɗansa aure zai ji labarin ya riga shi zuwa.

Shekarar nan ta 2020 kuwa kowa ya ɗanɗana. Da aka kulle Kano a watan Afrilu saboda korona, Kantin Kwari da Sabon Gari sun yi makonni a rufe, mai Adaidaita ya ajiye mashin, malamin makarantar kuɗi ya zauna ba albashi. Allah ya ce a Baƙara, aya ta 280, wanda ke cikin ƙunci a saurara masa har ya sami sauƙi. Amma Annabi (SAW) ya ce jinkirin mawadaci zalunci ne, don haka sai ka bambance su. Kada ka aika dillali, shi la'adarsa tana wurin sabon mai kamawa. Je da kanka bayan sallar isha'i, ka zauna da kowane magidanci a soro, shi kaɗai, ba a gaban matarsa ba. Wanda albashinsa bai tsaya ba ya biya. Wanda sana'arsa ta durƙushe ka raba masa kuɗin wata-wata, a rubuta, mutum biyu su shaida. In akwai marayu a ciki, ni dai da zan ce ka yafe rabi.

Ko ta fuskar riba ma, dubi masu ɗakunan ɗalibai kusa da Jami'ar Bayero. Tun Maris ɗin 2020 aka rufe makarantu, ga yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU, ɗakuna sai gizo-gizo. Wanda ke ba ka rabi yana share maka tsakar gida ya fi kwaɗo a ƙofa. Kuma ko kotu ka je, mai hayar shekara notis na wata shida ake ba shi.

Zancen cin bashin banki ka ƙara gida na biyu, ban yarda ba. Ga ruwa a kai, ga dala da a 2020 ta tashi daga naira 306 zuwa wajen 380 a farashin gwamnati, siminti da kwano sun bi ta. Abin da ya shigo ka ware na gyaran rufi da kwashe masai tukuna. Gidan kansa ba zakka a kansa, sai kuɗin hayar in ya kai nisabi ya shekara a hannunka.

Ranar Juma'a in ka sauko daga masallaci ka biyo da takardar cinikin, mu je wajen mai unguwa tare. Ka gai da iyali.

Baffanka.