Makarantar ɗana ba ta koyar da addini: in cire shi ko in bar shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Garwa. Ɗana ɗan shekara tara yana aji CE2 (aji huɗu na firamare) a makarantar gwamnati, kuma ko darasi ɗaya na addini babu a jadawalinsu. Mahaifina ya dage a cire shi a kai shi gaban malami ya yi hadda, uwarsa kuma tana so a mai da shi Faranko-Arab, makarantar da ke haɗa karatun Faransanci da na Larabci. Ina jin a Najeriya yara suna karanta addini a cikin aji har su rubuta jarrabawarsa. Akwai ranar da za a yi haka a Kamaru? Kuma darasin addini a aji yana da wani amfani da allo bai bayar ba?

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji. Allah ya raya yaro, ya ƙara wa Baba lafiya.

Kada ka gina shirinka a kan jiran gwamnati. Tsarin mulkin Kamaru ya ce ƙasar ba ta bin wani addini, kuma dokar ilimi ta 14 ga Afrilu 1998 ta faɗa ƙarara cewa makarantar gwamnati 'yar ba-ruwanmu ce a tsakanin addinai. Saboda haka rashin darasin ba sakacin shugaban makarantarku ba ne, doka ce. Wasu ƙasashe sun bi wata hanya: Najeriya tana koyar da addinin Musulunci da na Kirista a aji, Senegal ta shigar da darasin addini makarantun gwamnati a 2002. Mu nan abin da aka buɗe mana shi ne makarantu masu zaman kansu, waɗanda aka kasa gida huɗu: na Katolika, na Furotesta, na Musulunci, da na waɗanda ba su jingina da addini ba. A ganina ɗanka zai gama CM2, ajin ƙarshe na firamare, ya yi BEPC, jarrabawar ƙaramar sakandare, wannan tsari yana nan yadda yake. Larabcin da ake zaɓa a sakandare daga aji 4e (shekara ta uku), kamar yadda ake zaɓar Jamusanci ko Sifaniyanci, harshe ne ake koyarwa, ba fiƙihu ba, ko da yake yana da amfani ƙwarai.

Tambayarka ta biyu ita ce ta fi taɓa ni, domin na yi shekaru ina koyar da Larabci da tarbiyya a Marwa, kuma ni ma da allo na fara. Ba zan taɓa raina allo ba. Shi ya ba mu babbaƙu da farfaru, ya gyara mana harshe, ya koya mana durƙusawa gaban babba, ya sa Alƙur'ani ya zauna a ƙirji yadda ko da an ɗauke wuta ba a ɗauke shi ba. Amma na sha karɓar yaro mai izu goma a ka, in tambaye shi me Fatiha take cewa, ya sunkuyar da kai. Laifin ba nasa ba ne. A tsarin iyayenmu ma'ana tana zuwa ne bayan sauka, lokacin da ɗalibi zai zauna a zaure ya ɗauki Ahalari, ya wuce Ishmawi, ya kai Risala. Yaron da yake tashi da asuba ya tafi lekol, wato makarantar boko, ya dawo da aikin gida, da wuya ya kai wannan zauren. Yakan tsaya a rabin hanya, da karatu a baki, ba fassara a zuciya.

Nan ne amfanin darasin aji yake. Yana kawo ma'ana tun yaro yana ƙarami: me ke karya alwala, me ya sa ba a tauye mudu, mene ne haƙƙin maƙwabci ko da coci yake zuwa. Ga kuma wani abu da iyaye ba su cika lura da shi ba. In yaro ya ga lissafi da Faransanci suna da aji da littafi da maki, addini kuwa sai da daddare a gajiye, sai ransa ya raya masa cewa addini ne ƙaramin darasi.

Mu mutanen arewa mun ɗanɗana kuɗar wannan giɓi. Tun daga 2014 abin da ya faru na rikicin Boko Haram a garuruwan Kolofata da Amchide da Fotokol ya nuna mana yadda ake jan matashi da aya ɗaya da aka yanke daga 'yan'uwanta. Wanda aka koya wa ma'ana, aka saba masa da yin tambaya, ya fi wuyar ja. Bala'in ya kuma shafa wa makarantun allo baƙin jinin da ba su ci ba. A Disamba 2014 jami'an tsaro sun kwashe yara 84 daga makarantun allo a garin Guirvidig, suka yi wata shida a tsare. Har yau wannan yana yi mini ciwo.

To Faranko-Arab fa? Tun zamanin Ahmadu Ahidjo, a shekarun 1960, aka fara su domin iyaye Musulmi su saki jiki da boko. Wadda take da izinin hukuma tana bin manhajar gwamnati, yaro ya rubuta CEP, jarrabawar gama firamare, kamar kowa, a ƙara masa Larabci da Alƙur'ani da fiƙihu. Tunanin mai kyau ne, kuma nan nake ganin gaban karatun addini a ƙasar nan. Sai dai rauninsu ɗaya ne kusan ko'ina: malami. Tallafin gwamnati kaɗan ne, yana kuma jinkiri, kuɗin da iyaye ke biya ba ya kaiwa, sai ka ga malamin kirki ya koyar shekara biyu ya koma kasuwa ko ya hau babur. Ga babbar makarantar horon malamai ta Jami'ar Marwa, wadda aka buɗe a 2008, tana yaye masu Larabci, ga waɗanda suka dawo daga Azhar da Madina da Jami'ar Sarki Faisal ta Njamena. Masu ilimin suna nan, riƙe su ne ya gagare mu. Muna gina masallaci mai hawa biyu cikin shekara guda, albashin mai koya wa 'ya'yanmu tauhidi kuwa sai an yi ta bin mu. Ina faɗin haka da baƙin ciki, don na ga abokan aiki nagari sun tafi.

Saboda haka kafin ka bi shawarar uwar yaro, je da ƙafarka. Nemi ganin takardar izinin makarantar, tambayi yara nawa suka ci CEP bara, tambayi shekara nawa malamin Larabci ya yi a wurin. Roƙi a bar ka ka zauna a bayan aji na rabin sa'a. In ka ji malami yana tambaya yara suna amsawa da bakinsu, ba amshi kawai ba, ka samu wuri. Ka kuma tambayi ruwayar da suke karantawa, domin allonmu Warshu ne, yawancin waɗannan makarantu kuma Hafsu, yaro yakan rikice in ba a yi masa bayani ba.

In ba ka samu wadda ta kwanta maka ba, bar shi inda yake. Ranar Laraba ana tashi da rana, ga Asabar da Lahadi, ga dogon hutu daga Yuni zuwa Satumba. Ku haɗu ku biyar ko shida a unguwa ku ɗauki malami ɗaya, ku yanka masa albashi na wata-wata, ba kuɗin Laraba kaɗai ba, da sharaɗin duk surar da aka biya a fassara ta da Hausa.

Shi kuma Baba, kada ka yi musu da shi, tsoronsa na gaskiya ne: kada jikansa ya tashi ba Alƙur'ani. Cire yaro daga CE2 kam ban goyi baya ba. Ka roƙe shi ya zaɓi malamin haddar da kansa a cikin Garwa, inda yaro zai kwana a gida, kuma duk daren Juma'a a kai masa jikan ya biya masa allonsa ya faɗi ma'anarsa.