Amsa ga Kawu: 'yan jami'a da waƙar country a Nashville

Kawu, barka da war haka. Ka tambaya ko da gaske ne a nan ana shiga jami'a don koyon waƙa, har da 'yan mata. Da gaske ne. A gida yaro gadon kiɗa yake yi, ko ya bi ubangida yana amshi har ya ƙware. A birnin Nashville na Amurka kuwa akwai Jami'ar Belmont, dab da unguwar Music Row inda kamfanonin waƙa suka taru. Ana koyar da tsara waƙa da naɗar sauti, da kuma kasuwancinta: kwangila, haƙƙin mallaka, hanyar da kuɗi ke bi kafin su iso hannun mawaƙi. Fitattun mawaƙa Trisha Yearwood da Brad Paisley duk a can suka yi karatu.

Waƙar garin ita ce country, ta mutanen karkarar kudancin Amurka, ana yin ta da jita da goge da banjo, wani abin kiɗa mai tsirkiya kamar gurmi. Ita banjo ɗin ma bayin da aka kwaso daga Afirka ne suka kawo tushenta.

Shiga aji ba ya yi wa mace wuya, Kawu. Wahalar tana gidan rediyo, domin a wannan harka rediyo ke ɗaga mawaƙi har a riƙa gayyatarsa manyan wasanni. A 2015 wani mai ba gidajen rediyo shawara, Keith Hill, ya fito fili ya ce a rage sa waƙoƙin mata, wai maza su ne latas ɗin salak, mata kuwa tumatir ɗin da ake ɗorawa a kai. An yi masa ca, amma abin da ya faɗa shi gidajen suke yi tun da daɗewa. Wannan yana ci mini rai, don na ga yadda yaran nan ke kwana suna gyara baiti.

Matan ba su zauna jira ba. Tun 2014 aka buɗe dandalin Song Suffragettes, inda mata zalla ke rera waƙoƙin da suka tsara. Kacey Musgraves ta ci babbar kyautar Grammy ta kundin shekara a 2019, alhali rediyo bai wani damu da ita ba. Kambun gwarzon shekara na CMA, ƙungiyar masu harkar waƙar country, kuwa, bayan Taylor Swift a 2011 babu macen da ta sake ɗauka sai Lainey Wilson a 2023.

Mu Hausawan nan, yawancinmu aikin jinya da likitanci da kwamfuta muke tura yara. Idan yarinya ta ce waƙa take so, gidan yakan ɗau zafi, don wasannin na dare ne, da yawa kuma a mashaya ake yi. Ni abin da nake cewa iyaye shi ne su zauna su saurare ta, su bar ta ta karanci ɓangaren kwangila da haƙƙin mallaka, don ko ba ta hau dandali ba akwai aiki a ofis. Ka gaida Inna da yara.